Harsasai Uku Marasa Albarushi

Akwai wani bawan Allah mai suna Hassoumi, mutumin Tahoua, mazaunin unguwar Rillieux-la-Pape da ke arewacin birnin Lyon. Karatu ya kai shi Faransa. Da ya gama ya samu aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha, ya yi aure, ya zauna. Yana da wa mai suna Moutari, wanda ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Shi a Paris yake, yana aiki a babbar kasuwar Rungis, ɓangaren kaji da naman daji.

Su biyun yayyena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage shi ne ya ce in rubuta muku labarin nan, kuma kada in gyara masa komai don ya fita da kyau.

Mahaifinmu, Malam Abdulsalami, maharbi ne da aka sani a yankinmu. Moutari ya bi shi daji da bindigar toka tun yana ƙarami, kuma ba abin da yake alfahari da shi a duniya kamar wannan. Da aka haifa masa ɗan fari wata ranar Juma'a, sai ya mayar da sunan mahaifinmu, ake kiran yaron Ɗan Juma.

Kun san kunyar ɗan fari. To ta gidanmu ta wuce ta ko'ina. Moutari bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zama da shi su biyu ba. Yaron na cika shekara tara ya kai wa Hassoumi riƙo a Lyon. Tun daga ranar, in yana da magana da ɗansa, Hassoumi yake kira a waya ya ce, "Ka gaya wa yaron ga naka kaza." In Ɗan Juma ne ke da magana, sai ya ce wa baffan nasa, wanda yake kira Tonton kamar yadda yaran Faransa ke yi, "Tonton, ka gaya wa Baba kaza."

Hassoumi ne kaɗai hanya a tsakaninsu. Abin da ya ɗauka ya kai, shi ya isa. Abin da ya riƙe, nan ya tsaya.

Wani abokin aikinsa ne ya shigar da Hassoumi ƙungiyar maharba ta wani ƙauye a duwatsun gabashin Lyon. Barewa suke harbi, da aladen daji da ke ɓarna a gonakin masara. Hassoumi ba ya taɓa naman alade, nasa kason barewa ne. Ɗan Juma ya yi shekara biyu yana bin sa hannu wofi yana koyo. A shekarar 2011, yana da shekara goma sha bakwai, ya ci jarrabawa ya samu takardar izinin farauta.

Ranar da labarin ya kai Paris, Moutari ya kasa zama. Ya ce jikan Malam Abdulsalami ba zai shiga daji da bindigar aro ba. A ƙera masa tasa, daidai jikinsa.

Hassoumi ya kai yaron wurin wani tsohon maƙerin bindiga, Bafaranshe, ana ce masa Mushe Vallier. Tsohon ya auna tsawon hannun Ɗan Juma, ya auna wuyansa, ya dafa kafaɗarsa ya ji ƙashi ne zalla. Yaron dogo ne siriri, ko kilo sittin bai kai ba.

Mushe Vallier ya ce, "Kafin in taɓa ƙarfe, sai kun zaɓi harsashi. Kowace bindiga harsashi iri ɗaya take ci. In na huda bututun, an gama, ba a canjawa sai da sabon bututu."

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko guda biyu, waɗanda aka cire wa albarushi don nunawa. Ɗaya gajere, bai kai ɗan yatsa ba, ya ce sunansa bakwai-sifili-takwas. Ɗayan dogo mai kauri, ya ce shi ne ɗari uku magnum.

"Wannan ƙaramin nake so masa. Yana kada barewa, yana kada alade, kuma ba ya dukan kafaɗa sosai. Wancan babban, in ya tashi, kamar jaki ya shure ka. Yaro in ya fara da shuri, tsoro yake koya, ba harbi ba."

Hassoumi ya ce sai ya ji ta bakin uban.

Ranar Lahadi ya tuƙa mota har Paris. Ya tarar da Moutari a ɗakinsa na unguwar Porte de la Chapelle bayan la'asar, ya tashi daga barcin masu aikin dare, yana shan shayi da abokinsa Alhaji Nouhou, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki da sanyi. Sannan Hassoumi ya tsayar da harsasan biyu a kan faifan shayi.

Alhaji Nouhou ya ɗauki ƙaramin da yatsu biyu, ya kai shi kusa da ido. "Malam Hassoumi, wannan na harbin ɓera ne ko na ƙadangare?"

Moutari ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Hassoumi ya ce, "Alhaji, ƙarami ne a ido, amma maƙerin ya ce yana kada barewa daga mita ɗari biyu."

Moutari ya ce, "Maƙerin ya ce! Ni kullum ina tare da Nasaran da ke kawo muna naman daji a Rungis. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya amsa sunan maharbi, ɗari uku magnum gare shi."

"Yaya, su ƙatti ne. Ka ga cikinsu ai. Yaron ga iska mai ƙarfi tana iya ɗaukarsa."

"Ni da na fara harba bindigar Baba kilo nawa gare ni? Ta kada ni a ƙasa, na tashi na kakkaɓe, Baba ko dubana bai yi ba. Haka ake zama namiji." Ya ajiye kofin. "Tsaya ma. Shi ya ce maka yana tsoro?"

"A'a, bai ce ba."

"To mi kake kawo min? Boko ta cinye ka, Hassoumi. Kai ke tsoro, kake laƙaba wa yaro."

Alhaji Nouhou ya ce, "Bar shi, Malam Hassoumi. Jini ai ba ya ƙarya. Jikan maharbi ne fa."

Moutari ya ture ƙaramin harsashin da ɗan yatsa, ya gangara ya faɗa kan tabarma. Hassoumi ya sunkuya ya ɗauka. Tun rasuwar mahaifinmu Moutari ne ubansa. Shi ya riƙe shi har ya yi karatu, kuma Hassoumi bai taɓa mayar masa da magana sau biyu a zama ɗaya ba.

Da ya kai wa Mushe Vallier amsa, tsohon ya cire tabarau ya dube shi. "Uban ne zai harba ko ɗan?" Hassoumi ya yi murmushin dole. Tsohon ya girgiza kai, ya rubuta.

Bayan wata biyar bindiga ta fito. Abin gwanin kyau, katakon gindinta na sheƙi, da madubin hange a samanta. Suka tafi filin gwaji su uku, Mushe Vallier ya kafa takarda a mita ɗari.

Harbin farko, ƙarar ta sa Hassoumi ya zabura duk da toshiyar kunne. Bindigar ta daki kafaɗar Ɗan Juma, bakin madubin ya sare shi a gira. Jini ya gangaro masa a gefen hanci. Ya goge da hannun riga ya ce ba komai.

Mako uku suna komawa. Da bindigar Hassoumi, a da, yaron yakan tara harsashi biyar a wuri kamar tafin hannu. Da wannan kuwa, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, wani ma ba a ganin inda ya bi. Kafaɗarsa ta yi baƙi kamar an shafa shuni. Ya daina zancen farauta a gida.

A zuwa na huɗu Mushe Vallier ya ce shi zai ɗura masa. Ya juya baya, ya sa harsasai, ya miƙa masa. Ya raɗa wa Hassoumi, "Kada ka dubi takarda. Dubi fuskarsa."

Ɗan Juma ya auna. Ya ja kunama.

Ƙyas. Ba ƙara, ba hayaƙi.

Amma Hassoumi ya gani. Kafin yatsan ya gama ja, idanun yaron biyu sun rufe gam, kansa ya noƙe, bakin bindigar ya karkace ya yi hagu kusan taku guda. Ba abin da ya tashi, amma jikinsa duka ya guje wa dukan da yake jira.

Mushe Vallier ya zaro harsashin ya nuna musu. Kamarsa ɗaya da na gaske, sai wata 'yar huda a gefe da ba ka gani sai ka duba da kyau. Ba albarushi a ciki.

Ya ce, "Ba laifinsa ba ne, jikinsa ne ya koyi tsoro. Amma ka saurare ni. Harsashin nan yana tafiyar fiye da kilomita uku. A dajinku akwai masu koro dabbobi, akwai karnuka, akwai maƙwabci a hagu da dama. Wanda ke rufe ido bai san inda ya aika da shi ba. Kada ka kai shi daji da wannan. Bar min ita, cikin mako shida in sa mata bututun ƙaramin harsashi." Ya zuba wa Hassoumi marasa albarushi guda uku a hannu. "Kafin nan ya riƙa koyon jan kunama da waɗannan a gida, ido buɗe."

Hassoumi ya ce za su yi shawara. Ya mayar da bindigar jaka suka fito, domin saura kwana tara Moutari ya zo. Ya riga ya ɗauki hutu a wurin aiki don ya ga harbin farko na ɗansa a daji.

A mota, da suka kusa gida, Ɗan Juma ya ce, "Tonton, don Allah kada ka gaya wa Baba."

"Ɗan Juma, ka ji abin da tsohon ya ce."

"Na ji. Zan gyara, wallahi zan gyara. Abu ɗaya ya taɓa saya min da kansa, Tonton. Ɗaya. In ka ce masa ina tsoronta, da wane ido zan gaishe shi? Ko yanzu ba ya kallona."

Hassoumi ya ci gaba da tuƙi.

Kwanakin nan tara bai ji daɗin abinci ba. A wurin aiki sai ya tsaya da kwalba a hannu, yana ganin bakin bindigar nan yana karkacewa hagu. A hagu wa zai tsaya? Wataƙila tsohon malamin makarantar da ke kawo musu kofi. Wataƙila matar da ke riƙe karnuka. Yana ganin rigar maharba ruwan lemu kwance cikin ganye.

Ranar Laraba ya kira Paris. "Yaya, akwai maganar bindigar nan..."

"Bindigar ko? Alhaji Nouhou na nan yana jin mu. Na nuna wa kowa hoton a Rungis. Har shugabanmu ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Mi ya faru?"

"Babu. Cewa zan yi ka taho da takalmi mai kauri, akwai laka."

Ranar Asabar ya je tarbarsa a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu. Ya shirya maganar tun daga gida, ya maimaita ta a mota. Moutari ya sauko da sabuwar hula da jakar kilishi, fuskarsa kamar ta ango. Tun kafin su kai mota ya ciro wuƙar mahaifinmu daga cikin kaya ya nuna masa, mai kube na jar fata.

"Da ita za mu yanka barewar. Ka ce wa yaron ga naka shi yi bisimilla kafin shi ja kunama, kada murna ta mantar da shi."

Hassoumi ya haɗiye maganar da ya shirya. Ya ce, "Zan gaya masa."

A nan ne wata dabara ta zo masa, kuma a lokacin gani ya yi Allah ne ya kawo masa mafita. In ya musanya harsasan yaron da marasa albarushin nan uku, ba wanda zai ji rauni. Barewa ta gifta, yaro ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi. Moutari zai zagi kamfanin harsashi da Nasara baki ɗaya, ya koma Paris. Bayan nan a canja bututu a hankali. Ba a kunyata yaro ba, ba a ɓata wa Yaya rai ba, shi ma bai sha zagi ba.

Da safiyar Lahadi suka isa ƙauyen, hazo ya rufe duwatsu, ganye jiƙe a ƙasa. Maharba kusan talatin suka taru da rigunansu ruwan lemu. Shugaban farauta ya karanta dokoki: kowa ya tsaya inda aka ajiye shi, kada a harba ta wajen maƙwabci, kada a bar wuri sai an busa ƙahon tashi.

Hassoumi ya ja shugaban gefe ya roƙe shi ya ajiye yaron a wuri mai shiru, inda dabbobi ba su cika bi ba. Shugaban ya ce akwai wani kwari mai sarƙaƙiya a can ƙarshen layin maharba, an yi shekaru ba a yi harbi a wurin ba.

Yayin da Ɗan Juma ya je sa hannu a rajista, Hassoumi ya buɗe 'yar jakar harsashin da ke kan kujerar mota. Ya zare na gaske guda uku ya zuba a aljihunsa, ya jera na bogi a gurbinsu.

Aka ajiye Ɗan Juma a bakin kwarin, Moutari tsaye bayansa da taku biyu, ba bindiga, sai wuƙa a ƙugu. Hassoumi na sama da su da kamar mita tamanin, yana hango su ta tsakanin itatuwa. Ya ga yaron ya ɗura bindigarsa. Ya ga uban yana kallon wani wajen, kamar ba tare suke ba, amma ƙirjinsa a buɗe.

Aka busa ƙaho. Karnuka suka fara haushi can nesa.

Awa guda ba abin da ya motsa. Hankalin Hassoumi ya fara kwanciya. Ya ce a ransa wataƙila ma a tashi ba a ja kunama ba.

Sai aka ji harbi biyu daga tsakiyar layi. Haushin karnuka ya canja, ya yi kaifi, ya juyo. Wani ya yi ihu da Faransanci cewa an raunata alade, a yi hankali. Sai a nan Hassoumi ya gane kuskurensa. Ya manta abin da kowane maharbi ya sani: dabba mai rauni wuri mai shiru da sarƙaƙiya take nema.

Ƙaya ta buɗe a ƙasan kwarin. Ƙaton namijin alade ya fito, baƙi, haƙoransa waje, ƙafarsa ta baya na jan ƙasa. Ya tsaya mita talatin daga inda suke, ya ɗaga hanci.

Hassoumi ya ɗaga bindigarsa, ya ga ɗan'uwansa da yaron daidai kan layin harbinsa. Ba hali. Ya sauke, ya zuba da gudu yana ihu, "Ku hau dutse! Ku hau dutse! Babu komai a cikinta!"

Haushin karnuka ya cinye muryarsa.

Ya ga Ɗan Juma ya kafa bindiga a kafaɗa. Ƙyas. Yaron ya ja ƙarfen ɗuri, harsashi ya faɗo, ya sake aunawa. Ƙyas. Aladen ya sunkuyar da kai ya taho.

Moutari bai gudu ba. Ya sha gaban ɗansa, ya ture shi gefe da hannun hagu, ya zare wuƙa. Aladen ya shiga tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga shi sama. Hassoumi ya ji ƙyas na uku lokacin da ɗan'uwansa ke faɗowa.

Sai da ya zo taku biyar ya samu hali, ya harbe dabbar a bayan kunne.

Haƙorin ya tsaga cinyar Moutari daga gwiwa zuwa sama. Jini na tsartuwa. Hassoumi ya zare bel ɗinsa ya ɗaure cinyar, ya murɗa da kuben wuƙa, yana salati, yana kiran a kawo agaji. Ɗan Juma na durƙushe a gefe, bindiga a hannu.

"Tonton, ban rufe ido ba. Wallahi ban rufe ba. Duka ukun ina kallon tsakiyar goshinsa. Me ya sa ta ƙi tashi? Me na yi ba daidai ba?"

Harsasai uku na gaske suna aljihun Hassoumi, yana jin sanyinsu a cinyarsa. Ya ce, "Danna nan da ƙarfi. Kada ka saki."

Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki Moutari zuwa wani asibiti a Lyon. Jandarmomi suka tafi da bindigar da harsasan, suka ce sai sun bincika. Likitoci suka ɗinke jijiyar, amma suka ce haƙorin alade datti gare shi, ciwon ya shiga jini, sai abin da Allah ya yi.

A rana ta uku da azahar zazzaɓin ya ɗan sauka, Moutari ya buɗe ido ya gane mutane. Ɗan Juma na zaune a baranda, bai shiga ba, kamar yadda ya saba. Hassoumi ya ja kujera kusa da gado.

Moutari ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ka ga abin kunya. A ce ɗan Malam Abdulsalami, alade ya kada shi. Kada Alhaji Nouhou shi ji, ka ce masa zaki ne."

Hassoumi ya so ya yi dariya, sai kuka ya zo. Ya kama ƙarfen gadon ya faɗi komai. Girar da ta tsage, idon da ke rufewa, gargaɗin maƙeri, roƙon yaron a mota, wayar Laraba, tashar jirgi, da abin da ya yi a kan kujerar mota.

Moutari ya saurara har ƙarshe.

"Da ka faɗa min a tasha, mi kake jin zan yi maka?"

"Za ka zage ni, Yaya."

"Ƙwarai. In ce maka ɗan boko, in ce maka matsoraci. Daga tasha zuwa gidanka minti nawa ne?"

"Ashirin."

"To zagin minti ashirin. In mun isa in ƙi cin tuwon matarka. Da safe in huce, mu tahi daji da bindigarka." Ya numfasa da ƙyar. "Zagin minti ashirin ka gudu, Hassoumi."

Hassoumi ya kifa kansa a kan katifa.

"Ɗaga kanka. Nawa laifin ya fi naka. Ka kawo min ƙaramin har ɗaki, na ture shi don Alhaji shi yi dariya. Ni na mayar da bakina abin tsoro, har ƙanena shi gwammace ƙarya da shi gaya min gaskiya. Na yafe maka nawa." Ya juyo da ido. "Shi ya sani?"

"Bai sani ba. Kwana uku bai ci abinci ba. Gani yake shi ya yi kuskure wurin ɗuri."

"Tashi ka gaya masa. Yanzu. Ka bar ƙofa a buɗe, ina son in ji."

Hassoumi ya fita baranda. Ya durƙusa a gaban yaron da ya raina shekara takwas, ya ciro harsasai uku daga aljihu ya ajiye masa a tafin hannu, ya gaya masa.

Ɗan Juma ya dubi harsasan, ya dubi baffansa. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya ce, "Da ka ce min kada in je, Tonton, da na zauna." Ya ajiye su a kan benci, ya tashi ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya mayar da ƙofa ya rufe.

Ya yi fiye da awa guda a ciki. Har yau ba wanda ya san abin da suka ce wa juna.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Moutari. Hassoumi ne ya yi masa wanka. Da kansa ya je wurin jandarmomi ya faɗi abin da ya aikata, aka karɓe takardar farautarsa, aka kai shi gaban alƙali. Ya ce duk wannan bai kai masa nauyin kujerar da ta zama wofi a gidansa ba, domin Ɗan Juma ya kwashe kayansa ya koma ɗakin ɗalibai. Sai da aka yi shekara huɗu kafin ya sake sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Allah ya jiƙan Yaya Moutari, ya sa ya huta.

Darasi: In aka ba ka amanar magana tsakanin mutum biyu, ka kai ta yadda take, ko da za a zage ka. Dabarar da ka ƙulla don guje wa ɓacin rai na ɗan lokaci tana iya jawo abin da ba ya gyaruwa. Ku kuma iyaye da yayye, kada ku zaɓa wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa don mutane su yaba muku, kuma kada ku bari girmanku ya sa na ƙasa da ku su ji tsoron gaya muku gaskiya. Ku tura wa wanda kuka san yana riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa tun yau, kuma ku sa ɗan'uwana a addu'a.